Hukunci a Takarda, Gida a Ƙasa: Lauya Alexander Polikoff da Shari'ar Gidajen Talakawan Shikago



Abin da na yi niyyar gabatarwa yau tarihi ne na wata shari'a guda ɗaya da lauyan da ya riƙe ta. An shigar da ƙarar a birnin Shikago na ƙasar Amurka cikin watan Agusta na 1966, lokacin lauyan, Alexander Polikoff, yana da shekara 39 da haihuwa. Kotu ba ta amince da yarjejeniyar rufe ta ba sai a 2019, bayan ya haura shekara 90. Shekara biyu da rabi kacal ya ɗauka kafin alƙali ya ce talakawan da yake wakilta su ne da gaskiya. Sauran shekaru hamsin ɗin kuwa ya kashe su ne wajen neman a mai da wannan gaskiya ta zama ɗaki da ƙofa da makulli. Wannan tazara da ke tsakanin ranar hukunci da ranar tarewa ita ce jigon laccar, domin a cikinta ne ake ganin iyakar ƙarfin kotu, a cikinta ne kuma ake ganin nauyin da ke wuyan ma'aikacin hukuma.

Yadda aka raba birnin

Ba za a fahimci ƙarar ba sai an san yadda baƙar fata suka zo Shikago da inda aka ajiye su. A ƙidayar 1910 baƙar fatar birnin ba su wuce 44,000 da 'yan kai ba. Zuwa 1960 sun haura 800,000. Mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga jihohin kudu, jikokin bayi, waɗanda suka guje wa wulakanci da noman ƙwadago, suka nufi arewa inda ake ɗaukar ma'aikata a mayanka da masana'antun ƙarfe. Aiki sun samu, amma wurin kwana ya zama jidali. An tsuke su cikin wani siririn yanki a kudancin birnin, daga baya aka ƙara da wani a yammacinsa.

Hanyar tsukewar kuwa ba a ɓoye take ba. Masu gidaje na unguwannin farar fata sukan rubuta sharaɗi cikin takardar ciniki cewa ba za a sayar wa baƙar fata da gidan ba, ba kuma za a ba shi haya ba, kotuna kuma suna tilasta cika wannan sharaɗi har zuwa 1948, lokacin da Kotun Ƙoli ta hana. Inda takarda ta gaza, sai a koma ga jifa da ƙone-ƙone. Sakamakon haka shi ne abin da kowane ɗalibin tattalin arziki zai iya hasashe: jama'a na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa, sai haya ta yi tsada a wurin da gidaje suka fi lalacewa. Mai gida ya ɗauki sashen da aka gina domin iyali guda ya yayyanka shi da katako, ya zuba iyali biyar ko shida, su haɗu a kan makewayi ɗaya. Ɗan haya ba shi da bakin magana, tun da in ya fita babu inda za shi.

Domin maganin irin wannan hali ne aka kafa Hukumar Gidaje ta Shikago a 1937, a ƙarƙashin dokar gidaje ta tarayya ta wannan shekara. Tsarin shi ne gwamnatin tarayya ta ba da kuɗi, hukumar birni ta gina, ta ba masu ƙaramin ƙarfi haya mai rahusa. Shugabar ma'aikatanta ta farko, Elizabeth Wood, ta so a warwatsa gidajen cikin birnin, a kuma haɗa launuka a cikinsu. Amma a 1949 majalisar dokokin jihar Ilinoi ta ba majalisar birni ikon amincewa ko ƙin amincewa da kowane filin da hukumar ta zaɓa. Daga nan al'ada ta kafu: kafin a kai sunan fili gaban majalisa, sai an tuntuɓi kansilan unguwar a asirce, in ya girgiza kai maganar ta mutu. Kansilolin unguwannin farar fata kuwa kullum girgiza kai suke yi. Shugaban hukumar, Robert Taylor, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya ajiye muƙaminsa a 1950 saboda wannan rigima. A 1953 aka ba wani iyali baƙar fata ɗaki a gidajen Trumbull Park, sai tarzoma ta ɓarke, 'yan sanda suka yi watanni suna gadi. A 1954 aka sallami Elizabeth Wood.

Bayan tafiyarta sai hukumar ta bi hanya mai sauƙi. Tun da filin unguwannin baƙar fata kaɗai ake amincewa da shi, filin kuma ƙanƙane ne, sai aka riƙa ginawa sama. Mafi girma cikin waɗannan gine-gine an kammala shi a 1962: dogayen benaye 28, kowane mai hawa 16, a jere bisa tsawon mil biyu, ɗauke da sassa fiye da 4,000, inda a wani lokaci mutum wajen 27,000 suka zauna, galibinsu yara. Babbar hanyar mota da layin dogo suka raba su da unguwannin farar fata na yamma da su. Abin takaici, sunan Robert Taylor aka sa wa wurin, watau mutumin da ya bar aiki domin ƙin irin wannan tsari.

Lauyan da mai ƙarar

An haifi Polikoff a Shikago a 1927. Farar fata ne, Bayahude, ya yi karatun adabin Ingilishi a Jami'ar Shikago kafin ya koma ga shari'a, ya gama a 1953. Ya shiga wani babban kamfanin lauyoyi mai yi wa 'yan kasuwa aiki, har ya zama ɗaya daga cikin masu hannun jari a cikinsa. A gefe guda yana yi wa Ƙungiyar Kare 'Yancin Jama'a ta Amurka aikin sa kai, ba ko kwabo. Ta wannan ƙofa ce maganar gidajen ta iso gare shi, daga bakin masu binciken wata ƙungiyar baƙar fata da suka tattara bayanin inda hukumar ke gini shekara da shekaru.

Shekarar 1966 kuwa shekara ce mai zafi a birnin. A watan Janairu Dokta Martin Luther King ya kama haya a wani ruɓaɓɓen gida a yammacin Shikago domin ya nuna wa duniya halin 'yan haya. Ranar 5 ga Agusta aka jefe shi da dutse a ka, yana jagorantar jerin gwano ta wata unguwar farar fata. Bayan kwana huɗu, ranar 9 ga wata, Polikoff da abokan aikinsa suka shigar da ƙara biyu a kotun tarayya: ɗaya a kan Hukumar Gidaje ta Shikago, ɗaya a kan Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta tarayya wadda ke ba ta kuɗi. Sun shigar ne da sunan mutum shida, a madadin iyalai fiye da 40,000 waɗanda ke zaune a gidajen hukumar ko ke jiran a ba su.

Sunan da ya zo farko a takardar shi ne na Dorothy Gautreaux, ana furta shi kamar Gotiro, da shi kuma aka san shari'ar. Mace ce 'yar haya a gidajen Altgeld Gardens, can ƙarshen kudancin birni tsakanin masana'antu da juji, ta kuma yi suna wajen haɗa kan maƙwabtanta a kan harkar makaranta da gidaje. Hujjarsu a taƙaice take. Tsarin mulkin Amurka ya wajabta wa hukuma ta daidaita kowa a gaban doka, dokar 'yancin jama'a ta 1964 kuma ta haramta nuna bambancin launi a duk shirin da ke cin kuɗin tarayya. In hukuma ta zaɓi fili domin ta killace wani launi, ta karya duka biyun.

A nan ya kamata ɗaliban shari'a su lura da abu guda. Yawancin ƙarar 'yan haya a kan yoyon rufi ne, ko ƙarin kuɗi, ko kora ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ƙara ta ɗauko tambayar da ta riga waɗancan duka, watau a ina aka dasa gidan? Domin unguwar da aka sa mutum ita ce ke zaɓa masa makarantar ɗansa, da nisan wurin aikinsa, da irin iskar da zai shaƙa, da abin da zai gamu da shi a kan hanya bayan magariba.

Nasara ta farko

Ƙarar ta faɗa hannun alƙali Richard Austin, mutumin da ya taɓa tsayawa takarar gwamna a 1956 da goyon bayan magajin gari Richard Daley. Babu wanda ya zaci zai saɓa wa masu mulkin birnin. Tun a zaman farko ma ya tambayi lauyan cikin gatse ko so yake a gina wa talakawa gidaje a bakin tafki, inda attajirai ke zaune. Amma Polikoff bai dogara da daɗin baki ba. Ya nemi a buɗe masa fayilolin hukumar, ya sa manyan ma'aikatanta suka yi rantsuwa suka amsa tambayoyi, suka kuwa tabbatar da al'adar tuntuɓar kansila da bakinsu. Takardun hukumar ne suka kayar da ita.

Ranar 10 ga Fabrairu 1969 alƙali Austin ya yanke hukunci. Ya gano cewa, in aka ware unguwannin gidaje huɗu da aka gina tun da can a yankin farar fata, kashi 99 da rabi cikin 100 na gidajen iyali na hukumar suna cikin yankunan da baƙar fata suka cika ko suke gab da cikawa. A waɗancan huɗun kuwa an ƙayyade baƙar fata tsakanin kashi 1 zuwa 7 cikin 100, alhali su ne wajen kashi 90 na masu jiran gida. Dorothy Gautreaux ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu a 1968 tana da shekara 41.

Ranar 1 ga Yuli na wannan shekara alƙali ya ba da umarnin gyara. Gidaje 700 na farko da za a gina dole su kasance a yankunan farar fata, bayan su kuma uku cikin kowane huɗu. Kada a ƙara sa iyali mai yara sama da hawa na uku, kada kuma a tara mutum fiye da 120 a wuri guda. Manufar ita ce a daina gina garin talakawa a cikin gari, a koma ga ƙananan gidaje a warwatse waɗanda mai wucewa ba zai bambanta su da na maƙwabta ba.

Shekarun jan ƙafa

To, a nan ne gizo ke saƙar. Umarnin ya faɗi inda za a gina idan za a yi gini, masu mulki kuwa suka gane cewa akwai mafita, ita ce a daina ginin gaba ɗaya. Hukumar ta yi wata da watanni ba ta miƙa sunayen filaye ba, sai da kotu ta tilasta ta. Da ta miƙa a 1971, ana gab da zaɓe, magajin gari Daley ya fito fili ya ce bai kamata a gina gidajen inda mutanen unguwa ba sa so ba. Majalisar birni ta zauna a kan takardun.

A halin nan ne Polikoff ya yanke shawarar da ta sauya rayuwarsa. A 1970 ya bar kamfanin lauyoyin bayan shekara 17, ya karɓi shugabancin wata ƙaramar cibiya da wasu 'yan kasuwa suka kafa domin shari'o'in amfanin jama'a, ya riƙe ta har 1999. Daga wannan ofis ya gwada kowace dabara da doka ta ba shi. Ya sa alƙali ya riƙe dala miliyan 26 na wani shirin raya birni har sai an amince da filaye, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan a 1972, tana cewa ba a hana talakawa wani amfani domin a matsa wa hukuma a kan wani. Ya sa alƙali ya jingine dokar da ta ba majalisar birni ikon hanawa, wannan ya tsaya, amma sai da aka kai 1974 ana ɗaukaka ƙara a kansa. Bayan an kawar da majalisa sai uzuri ya koma kan tsadar fili, da ƙarancin ma'aikata, da binciken da ba ya ƙarewa.

Wajibi ne a faɗi abin da wannan ja-in-ja ya ci, kuma waɗanda ya ci ɗin su ne masu ƙarar. Shekaru da dama kusan ba a ƙara ko ɗaki ɗaya ba a birnin da dubban iyalai ke cikin jerin jira. Wasu shugabannin baƙar fata suka fara tambaya: shin gida a unguwarmu bai fi babu gida ba? Wane ne ya ce burinmu mu zauna kusa da waɗanda ke jifanmu? Tambayoyi ne masu nauyi. Amsar Polikoff ita ce, in aka sassauta domin a sami gini na yau, an sake gina abin da aka yi ƙara a kansa, yaran da za a haifa a ciki su ne za su biya. Masana har yanzu sun rabu a kan wane ne ya fi gaskiya. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne cewa waɗanda suka ƙi ginin ba su yi asarar komai ba.

Gaban Kotun Ƙoli

Ƙara ta biyu, wadda ke kan ma'aikatar tarayya, ita ce ta buɗe ƙofa. A 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ma'aikatar ma tana da laifi, tun da ta san abin da ake yi ta kuma ci gaba da biya. Sai Polikoff ya kawo wata hujja sabuwa. Farar fata suna ta ƙaura daga birnin zuwa ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi, ayyuka ma suna binsu. Saboda haka maganin da ya tsaya a iyakar birni ba zai warkar ba, dole ya haɗa da kewayen.

Lokacin bai yi masa kyau ba. A watan Yuli na 1974 Kotun Ƙoli ta hana a haɗa makarantun birnin Ditiroit da na garuruwan kewayensa domin kawar da wariya, bisa dalilin cewa ba a kama waɗancan garuruwa da laifi ba. Mutane da yawa suka ɗauka wannan hukunci ya binne maganar Shikago. Ranar 20 ga Janairu 1976 Polikoff ya tsaya gaban alƙalan, abokin karawarsa kuwa Robert Bork ne, babban lauyan gwamnatin tarayya a wannan kotu. Ya bambanta shari'o'in biyu da kyau. A Ditiroit an nemi a tilasta wa hukumomin da ba su yi laifi ba. A Shikago mai laifin ita ce ma'aikatar tarayya, ita kuma ikonta bai tsaya a iyakar birni ba, a tsarin aikinta ma birni da kewayensa kasuwar gidaje ɗaya take ɗaukarsu. Ranar 20 ga Afrilu 1976 alƙalai takwas da suka zauna suka amince baki ɗaya, alƙali Potter Stewart ya rubuta hukuncin.

Abin da ya sa hukuncin ya yiwu shi ne wata doka ta 1974 wadda ta kawo sabuwar hanyar taimakon haya. Maimakon gwamnati ta gina, sai ta ba iyali takardar tallafi su nemi gida wurin mai gida na kasuwa. Iyali su biya kashi 25 cikin 100 na abin da suke samu, wanda aka mayar 30 a 1981, gwamnati ta cika saura. Wannan ba ya bukatar fili, ba ya bukatar sa hannun kansila.

Ƙaura zuwa kewaye

Polikoff bai koma kotu neman wani dogon umarni ba. Ya zauna da ma'aikatar suka shirya, aka fara gwaji da iyali 400, a 1981 aka mai da shi yarjejeniya ta iyali 7,100. Aka danƙa aikin ga wata ƙungiya da aka kafa sakamakon sulhun da Dokta King ya yi da shugabannin birnin a 1966. Ma'aikatanta ne ke yawo suna lallashin masu gidaje, su ɗauki iyali a mota su kai su ganin wuri, su koya musu yadda ake cika takarda, su leƙa su bayan tarewa. Aiki ne na gida-gida, ba shi da armashin da jarida za ta buga. Masu nema suka yi yawa har aka mai da rajista rana ɗaya a shekara ta wayar tarho, dubbai na bugawa. Aka cika adadin a 1998, bayan shekara 22: mutum wajen 25,000, fiye da rabinsu sun sauka a garuruwan kewaye sama da 100.

Wani masanin zamantakewa na Jami'ar Northwestern, James Rosenbaum, ya bi sawun yaran waɗannan iyalai, ya kwatanta waɗanda suka koma kewaye da waɗanda suka koma wata unguwa cikin birni. Cikin na kewaye kashi 5 cikin 100 ne suka bar sakandare ba su gama ba, cikin na birni kashi 20. Na kewaye kashi 54 suka shiga makarantar gaba da sakandare, na birni kashi 21. Amma fa a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Yaran da aka bincika ba su da yawa, an kuma tace iyalan tun farko: ba a ɗaukar mai yara fiye da huɗu ko mai tarihin bashin haya. Waɗanda suka tafi ɗin ma sun sha kaɗaici da zagi da wahalar mota, musamman a shekarar farko.

Domin a tantance, gwamnatin tarayya ta shirya babban gwaji daga 1994 a birane biyar, Baltimo da Bostan da Shikago da Los Anjalas da Niyok, da iyali wajen 4,600, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon farko ya sanyaya gwiwa: iyaye mata sun sami kwanciyar hankali da lafiya, amma abin da suke samu bai ƙaru ba. Sai a 2015, da yaran suka girma, Raj Chetty da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka duba takardun harajinsu, suka ga waɗanda aka ƙaurar da su kafin su kai shekara 13 suna samun kimanin kashi 31 cikin 100 fiye da takwarorinsu. Watau amfanin unguwa ba ya bayyana sai an jira yaro ya girma, kamar mai dasa dabino.

Ƙarshen benayen

A cikin birni kuwa jan ƙafa bai ƙare ba sai da alƙali Marvin Aspen, wanda shari'ar ta koma hannunsa, ya gaji. A 1987 ya ƙwace ikon gini daga hukumar ya danƙa shi ga wani kamfani mai zaman kansa a matsayin wakilin kotu, aka ci gaba a haka har 2010. Sai a wannan zamani ne aka gina ƙananan gidaje warwatsattsu da ɗan yawa, shekara 18 bayan umarnin alƙali Austin. Dogayen benayen kuma suka ci gaba da lalacewa, har gwamnatin tarayya ta karɓe ragamar hukumar daga 1995 zuwa 1999. Daga nan aka shiga rusau. Benen ƙarshe na gidajen Robert Taylor ya faɗi a 2007, yana da shekara 45 kacal. An yi alkawarin gidaje 25,000 sababbi ko gyararru, amma cikawar ta ja lokaci ƙwarai, da yawa daga cikin waɗanda aka tasa kuma suka ƙare a wasu unguwannin talauci da takardar tallafi a hannu. Polikoff ya goyi bayan rushe benayen, wasu lauyoyin 'yan haya suka soke shi a kan haka. A 2006 ya buga littafin tarihin shari'ar, ma'anar sunansa ita ce Jiran Gautreaux. A watan Janairu na 2019 alƙali Aspen ya amince da yarjejeniyar da ta shata hanyar rufe ƙarar, shekara 52 da 'yan watanni bayan shigar da ita.

Kammalawa

Idan muka ɗora wannan tarihi a ma'auni, me za mu gani? Iyali 7,100 ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi ƙarar dominsu ba, ƙidayar 2020 kuma ta nuna Shikago tana cikin biranen Amurka da launi ya fi raba unguwanninsu. Ta ɗaya ɓangaren, an daina jibge iyalai masu yara a dogayen benaye, an tabbatar a shari'a cewa zaɓen fili yana iya zama zalunci, an kuma ƙirƙiro hanyar da wasu birane irin su Baltimo da Dalas suka bi daga baya. Ga yaron da aka fitar daga hawa na 14 aka sa shi makarantar da ke da littattafai, lissafin kashi cikin ɗari ba shi ne magana ba.

Ga ɗalibai masu sha'awar aikin lauya, abin lura shi ne inda nasarar ta fito. Jawabin Kotun Ƙoli bai kai awa guda ba. Abin da ya riƙe shari'ar shi ne karatun fayil, da komawa gaban alƙali duk lokacin da aka saɓa, da yarda a zauna a shirya da wanda aka kayar jiya. Mai haƙuri, in ji Bahaushe, shi ke dafa dutse, sai dai a wannan karon waɗanda ke jiran romon ba duka suka kai ba.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa maganar ta fi kusa. A duk tsawon shekarun nan babu dokar da ta ce a ware baƙar fata a gidajen Shikago. An yi wariyar ne da tuntuɓar kansila a asirce, da jerin sunaye da aka tsara ta wata hanya, da fayil da aka bari a kan tebur har shekarar kuɗi ta wuce. Waɗanda suka yi haka galibinsu ba su ɗauki kansu azzalumai ba, suna guje wa rigima ne kawai. Haka nan da aka zo gyara, ba alƙali ne ya ƙwanƙwasa ƙofar masu gidaje ba, ƙananan ma'aikata ne da mota da takarda. Duk wanda wata rana aka miƙo masa taswira aka ce ya nuna inda za a gina wa masu ƙaramin ƙarfi, ya tambayi kansa mil nawa ne daga nan zuwa makaranta, da asibiti, da kasuwa, da wurin aiki, ya kuma tambayi wane ne ya hana filin da ya fi wannan kusa.